Rawar sitiyari bayan an gyara gaban mota

 

Hirarmu ta yau a kan mota take. Wani direba daga wajen Dakoro ya aiko mana da wasiƙa, kuma da hannunsa ya rubuta ta. Yana tuƙa katkat, wato motar nan mai ja da ƙafa huɗu. Ranar kasuwa yana ɗaukar mutane da kaya. Idan ciwo ya kama wani cikin dare, shi ake tasowa ya kai shi asibiti a Maradi.

Ga abin da ya same shi. Gaban motarsa ya yi ta ƙara, sai ya kai ta gareji. Aka sake masa rotil biyu. Rotil ita ce gaɓar ƙarfe da ke haɗa sandar sitiyari da ƙafar mota, tana juyawa kamar gaɓar kafaɗar mutum. Aka kuma sake masa plaket, wato abin da ke kama faifan birki. Ya biya kuɗi, ƙara ta tafi. Amma da ya hau kwalta, allura ta kai 90, sai sitiyari ya kama rawa a hannunsa. Da can kuwa ba ya yi. Shi ne yake tambaya: cutarsa aka yi, ko wani sabon ciwo ne ya shiga motar?

Tambayar tana da kyau. Ba direbobi kaɗai ta shafa ba. Duk wanda ke shiga mota, ransa yana kan waɗannan ƙafafu biyu na gaba.

Abin da ke kawo rawa

Ku tuna da mazarin kaɗi. Idan gululun da ke jikinsa ya yi daidai ta kowane gefe, mazari yana juyawa shiru, har ka ce a tsaye yake. Idan gefe ɗaya ya ɓantare, sai ya yi ta tangaɗi, zare ya tsinke. To, haka ƙafar mota take.

Bari mu yi ɗan lissafi tare. Tayar katkat, idan ta juya sau ɗaya, tana cin kamar mita 2 da rabi na hanya. Mota mai gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a daƙiƙa ɗaya. Ke nan tayar tana juyawa sau 10 a kowace daƙiƙa, sau 600 a minti ɗaya.

Yanzu a ce gefe ɗaya na ƙafar ya fi sauran nauyi da giram 50. Giram 50 ba wani abu ba ne, kamar nauyin ƙwan kaza ɗaya ne. Amma a wannan gudun, ƙwan nan yana fizgar ƙafar da ƙarfin wajen kilo 4. Ya fizga sama, ya fizga ƙasa, sau 10 a daƙiƙa. Fizgar nan ita ke bin sandar ƙarfe ta hau har hannun direba. Idan aka ninka gudu sau 2, ƙarfin fizga yana ninkuwa sau 4. Shi ya sa cikin gari ba ka jin kome, sai ka fita bayan gari.

Fara da noti

Kafin kome, a duba notunan taya. Wannan ba a jinkirta shi zuwa gobe. Duk gyaran da aka yi a gaban mota, sai an cire taya an mayar. Sau da yawa maigidan gareji shi ke yin babban aikin, ya bar wa yara su mayar da taya. Yaro ya ɗaura noti da hannu, aka kira shi wani wuri, ya manta bai matse ba. Taya mai sakakken noti tana rawa, tana ƙwanƙwasa, daga nan ta cinye ƙusoshin ta fice. Mota cike da mutane, ƙafar gaba ta fita, kun san abin da zai biyo baya.

Saboda haka ka tsaya a wuri mai tauri, ka ɗauki sifana, ka gwada kowane noti. Ka ƙirga su kuma. Idan ramuka 6 ne, noti 6 za ka gani. Kada ka yarda da maganar wai 5 sun isa.

Matse noti ma yana da tsari. Ba a bin su a jere kamar masu layi. Ka matse wannan, ka tsallaka zuwa wanda ke fuskantarsa, ka dawo gefe, ka sake tsallakawa. Da farko sannu-sannu, sa'an nan ka sake zagayawa da ƙarfi. Ta haka taya ke zama daram. Wanda ya matse ɗaya har ƙarshe tun sauran suna sake, ya zaunar da tayar a karkace. Wasu kuma suna sa dogon bututu a sifana su hau da ƙafa suna tsalle. Wannan ba gwaninta ba ce. Ƙusa tana miƙewa, wata rana ta karye. Akwai sifana mai awo, kuma littafin kowace mota ya faɗi ƙarfin da ya dace.

Bayan ka yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100, ka sake gwada su.

Yaushe take rawa?

Idan noti lafiya suke, sai bincike. Likita ba ya ba da magani sai ya tambaya ina ke ciwo, kuma tun yaushe. Kai ma haka za ka yi. Ka nemi kwalta mai kyau, miƙaƙƙiya, lokacin da ba motoci da yawa. A kan gargada ba a gane kome, gama can kowace mota rawa take. Kada ka ɗauki fasinja. Ka ɗauki mutum ɗaya da takarda da fensir, kai kana tuƙi, shi yana rubutawa.

A wane gudu rawar ke farawa? A wane gudu ta fi ƙarfi? Idan ka wuce nan, tana raguwa? Rawar da ke zuwa tsakanin 80 da 110, ta lafa idan ka sauko, mafi yawa ta rashin daidaiton nauyin taya ce. Wadda kake ji tun a 20 ko 30, sitiyari yana kaɗawa hagu da dama a hankali kamar tafiyar agwagwa, wannan taya ce ta kumbura ko ƙarfenta ya lanƙwashe.

A ina kake jin ta? Idan a hannu ne, ciwon yana gaba. Idan a kujera ne da ƙasan mota, ka duba ƙafafun baya ko kardan.

Sa'an nan ka taka birki a hankali daga 80. Idan rawar ba ta zuwa sai ka taka birki, laifin yana wajen faifan birki. Ka kuma gwada ba mota wuta, ka ɗaga ƙafa. Idan tana zuwa lokacin da kake ba ta wuta, ta tafi da zarar ka ɗaga, a duba kardan, wato sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa ƙafafu. Idan kuwa mota tana tsaye, inji yana aiki, sitiyari yana rawa, to babu ruwan taya. A duba robobin da inji ke zaune a kansu.

Abin da aka rubuta a takardar nan ya fi dogon surutu amfani a gareji. Mai gyara da aka ce wa mota tana rawa kawai, lalube zai yi, kuma da kuɗinka zai yi laluben.

Taya

A nan za mu daɗe, domin a nan aka fi samun ɓarawon.

Ka duba bakin ƙarfen taya, wanda makanikai ke kira jant. Za ka ga wasu ƴan ƙananan ƙarafa a maƙale. Ba ado ba ne. Su ne ke daidaita nauyin ƙafar. Da can da dalma ake yin su. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana na dalma tun 2005, saboda haka yanzu za ka ga na baƙin ƙarfe da na wasu ƙarafan. Lokacin gyara ana jefa taya ƙasa, ana bugun ta da guduma, sai ɗaya ya faɗi ba wanda ya lura. Inda ya faɗi yakan bar tabo mai haske. Idan ka ga tabon, ka sami amsa. Maganinsa a ɗora tayar a kan injin awo. Injin zai juya ta, ya nuna giram nawa za a sa, kuma a wane wuri. Wannan aiki shi ake kira ekilibraj. Ba a yin sa da ido.

Ka leƙa cikin jant ɗin kuma. Da damina laka tana shiga ta bushe a gefe ɗaya. Dunƙulen laka ya fi ƙwan kazan da muka yi magana nauyi nesa ba kusa ba. An sha kashe kuɗi a kan rawar da bokitin ruwa ɗaya zai warkar.

Akwai wani abu da mutane ba su cika tunawa ba. A garejinmu, taya idan an cire ta, a kan rairayi ake ajiye ta. Tsakuwa ko tsatsa ta manne a bayan jant, inda yake haɗuwa da cibiyar ƙafa. Aka mayar, aka matse. Noti sun matsu, amma tayar ba ta kwanta daidai ba. Kafin a mayar da taya, a goge wuraren nan biyu da burushin ƙarfe har su yi tas.

Wani lokacin kuma musayar taya aka yi. An cire ƙafafu huɗu, aka mayar da ta baya gaba. Tayar da ke da aibi, idan tana baya, ba ka cika jin ta a hannu ba. Da ta zo gaba, sai ta tona kanta. Shi ya sa yana da kyau kafin a cire taya ka rubuta mata suna da alli: gaba hagu, gaba dama. Ga amfanin karatu a gareji.

Ga gwaji wanda ba ya cin ko dala. Ka mayar da tayoyin gaba baya, na baya gaba, ka sake bin hanyar nan a gudun nan. Idan rawar ta bar hannunka ta koma kujera, ka san taya ce ko jant. Idan tana nan yadda take, sai ka nemi laifin a wani wuri.

Ka kuma ɗaga ƙafar da jak, ka ajiye bulo kusa da tayar, saura kamar faɗin yatsa. Ka juya ta da hannu kana kallon tsakaninsu. Idan tazarar tana buɗewa tana rufewa, tayar ba ta zagaye daidai ba. Ka shafa ta da tafin hannu. Idan ka ji ƙullutu, zaren cikinta ya rabu. Irin wannan taya ba ta da gyara. Ba a mayar da ita baya, ba a ajiye ta don ko-ta-kwana. Zafin kwalta a watan Afrilu zai fasa ta.

Kowace taya tana ɗauke da shekarar haihuwarta. A gefenta akwai rubutu mai farawa da DOT, a ƙarshensa lamba huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Tun shekarar 2000 ake rubuta shi haka. Mai sayen taya ta hannu, ya karanta wannan lamba kafin ya taya. Roba tana tsufa ko da zanenta bai cinye ba.

A nan ya kamata mu yi wa masu gyara adalci. Tsohuwar rotil da ta saki takan sa taya ta ci ba daidai ba, nan tudu nan kwari. Amma saboda gaɓar ta saki, tana shanye wani abu daga cikin rawar. Da aka sa sabuwa mai tauri, sai duk motsin ya iso hannu. Ke nan gyaran bai kawo ciwon ba, fallasa shi ya yi.

Birki da rulma

Idan rawar ta birki ce, faifan ne bai yi sumul ba, ko kuma an cire shi an mayar a kan tsatsa. Sabon plaket ba ya gyara tsohon faifai. Sai a auna faifan, a fere shi a inji idan kaurinsa ya isa, in bai isa ba a sake biyun tare. Wani lokacin kuma birkin gefe ɗaya ne ke kamewa, ba ya saki. Bayan tafiya ka kusantar da hannunka ga kowace ƙafa. Kada ka taɓa, zai ƙone ka. Idan ɗaya ta fi ɗaya zafi ƙwarai, ko tana ƙauri, ka koma gareji.

Yanzu ga gwajin agogo. Ka ɗaga ƙafar gaba. Ka ɗauka tayar fuskar agogo ce. Ka kama ta a 12 da 6, ka girgiza. Idan ta yi motsi, ka sa wani ya taka birki, ka sake girgizawa. Motsin ya tafi? To, rulma ce, wadda wasu ke kira boris. Wataƙila ba a matse ta daidai ba lokacin da aka haɗa. Motsin yana nan? To, gaɓoɓin sama da ƙasa ne. Sa'an nan ka kama a 3 da 9. Motsi a nan yana nuna sandar sitiyari da rotil ɗinta. Sabon kaya ma ana duba shi, gama akwai jabu a kasuwa, kuma noti na iya zama bai matsu ba. Ka tabbata an sa ƴar wayar nan da ke hana notin rotil kwancewa, idan irin mai rami ne.

Muna roƙonku da babbar murya: kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A sa katako a ƙarƙashin jak idan ƙasa rairayi ce. A tokare motar da ƙarfe ko gungume mai ƙarfi. A sa dutse gaba da bayan ƙafafun da ke ƙasa.

Maganar paralelism

Da ka ce sitiyari yana rawa, da yawa za su ce maka je ka yi paralelism. Paralelism shi ne saita ƙafafun gaba su dubi hanya ɗaya. Lalle ne a yi shi duk lokacin da aka sake rotil ta sandar sitiyari, domin tsawon sandar yana canzawa. Amma a ganinmu, ana ɗora masa laifin da ba nasa ba. Rashin saiti yana sa mota ta ja gefe, sitiyari ya karkace, taya ta ci ta gefe ɗaya. Shi kaɗai ba safai yake kawo rawa ba. Kuma saitin da aka yi alhali wata gaɓa tana sake, asarar kuɗi ce. A gama gyara tukuna, a yi saiti daga ƙarshe.

Rawar da ke da ban tsoro

Akwai wata iri dabam. Katkat kashi biyu ne. Wasu, kamar Prado da sababbin Hilux, kowace ƙafar gaba da nata hannun. Wasu kuma, kamar Land Cruiser samfurin 70 da Toyota ta fara yi a 1984, ƙafafun gaba biyu suna kan gatari ɗaya ne mai tauri. Irin waɗannan su ne suka fi jure hanyoyin daji, amma suna da wani ciwo nasu. Kana tafiya lafiya, ka faɗa rami ko ka hau tudu, sai gaban motar gaba ɗaya ya kama kaɗawa da ƙarfi, sitiyari kamar zai ƙwace. Ba ya dainawa sai ka rage gudu sosai.

Idan ta same ka, ka riƙe sitiyari da hannu biyu. Ka ɗaga ƙafa daga wuta. Kada ka danna birki da ƙarfi. Ka bar motar ta sauko a hankali, ka ratse gefe.

Abin da ke kawo ta, sakewa ce a wani wuri: rulmar da ƙafa ke juyawa a kanta, ko robobin sandunan da ke riƙe da gatarin, ko rotil. Bayan gyara, sau da yawa ƙusoshin robobin ne. Ƙa'ida ita ce a yi musu matsin ƙarshe bayan an sauke mota, nauyinta yana kan ƙafafunta. Wanda ya matse su tana rataye, robar za ta murɗe ta lalace da wuri. Wasu za su ce ka sayi sabon amortisar na sitiyari. Zai iya rufe rawar na ɗan lokaci, amma gaɓar da ta saki tana nan tana ƙara sakewa.

Masu katkat su duba abu biyu kuma. Wasu motocin suna da makulli a tsakiyar ƙafafun gaba, wanda ake murɗawa da hannu. Biyun su zama a wuri ɗaya, kada ɗaya a kulle ɗaya a buɗe. Irin waɗannan motoci kuma ba a barin su cikin giyar ƙafa huɗu a kan busasshiyar kwalta. Idan an cire kardan lokacin gyara, a yi masa alama da fenti kafin a cire, don a mayar da shi yadda yake.

Komawa gareji

Ka koma wurin wanda ya yi aikin, kuma da wuri. Kada ka shiga da faɗa. Ka gaishe shi, ka ce: "Maigida, tun da aka yi aikin nan, sitiyari yana rawa daga 85 zuwa 100. Ba ya yi a birki. Na gwada noti, lafiya suke. Don Allah mu hau tare ka ji." Ka roƙa a riƙa sake abu ɗaya-ɗaya, ana gwadawa. Idan aka sake abu uku a tashi ɗaya, rawa ta tafi, ba za ka san wanne ne ba, kuma ka biya kuɗin uku. Tsofaffin kayan da aka cire, ka karɓi abinka ka duba.

Mutuminmu na Dakoro mun riga mun aika masa da wannan bayani, kuma ya sake rubuto mana. Notunansa lafiya suke. Da ya yi musayar tayoyi, rawar ta koma kujera. Ashe yara sun kawo tayar baya ta hagu gaba. Babu ƙarfen daidaita nauyi ko ɗaya a jikinta, ga ƙullutu a gefe, lambarta kuma ta nuna 2016. Ya yar da ita, ya sa wata, aka auna masa biyun gaba a inji. Yanzu allura tana kai 90, hannunsa shiru. Sai dai ya ce sitiyarin ya ɗan karkata hagu ko a miƙaƙƙiyar hanya. Wannan alamar ba a yi paralelism ba ce bayan an sake rotil. Mun ce masa ya je a yi kafin kasuwa mai zuwa, tun sabuwar tayar ba ta fara ci ba.